Kasafin jiha: da kuɗin da aka ware za a auna gwamnati, ko da aikin da aka gani?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Lokacin gabatar da kasafi ya zo, kuma ga shi mun koma kan gardamar da muka saba: wannan gwamna ya ba ilimi kashi kaza, wancan ya ba lafiya kashi kaza, wasu na yabo wasu na zagi. Tun 2001 ake ambaton kashi 15 cikin 100 da shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware wa lafiya a taron Abuja. To amma adadin da ke takarda ba ya ceton mai naƙuda sai ya zama magani da ungozoma. Ba mai komawa bayan shekara ya tambaya me kuɗin suka haifar. Yara nawa 'yan aji uku suka iya karatu bana waɗanda da ba su iya ba? Na ji akwai tsarin da ake ɗaure kasafi da sakamako: ma'aikata ta faɗi abin da za ta cimma, a ba ta kuɗi a kan haka, a dawo a auna. Me ya hana jihohinmu yin sa? Waɗanda suka yi aikin gwamnati a cikinmu, don Allah ku warware mana.

Maman Walida:
Wa alaikumus salam. Wallahi tambayar da ke cina ke nan. Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, na ji daɗi ƙwarai. Amma ina so a ce mana: a shekara uku, me za mu gani da za mu san an fita daga ta-ɓacin?

Tsohon Darakta:
Abban Sadiq, Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya. Na yi aiki a ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ta wata jiha har na yi ritaya, bari in faɗi abin da na sani.

Da farko, kada ka ɗauka takarda ce babu. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta fito da NEEDS, wato kundin tsarin bunƙasa tattalin arzikin ƙasa, jihohi suka bi da nasu SEEDS. A 2007 tarayya ta yi dokar kula da kashe kuɗin gwamnati, wadda ta wajabta hasashen kuɗi na shekara uku kafin a rubuta kasafin shekara, jihohi da yawa kuma suka kwaikwaya da tasu dokar. Shirin SPARC da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya koya wa jihohi irin su Kano, Kaduna da Jigawa yadda kowane ɓangare zai rubuta dabarunsa na shekara uku, da buri, da ma'auni, da ƙiyasin kuɗi. Kaduna ta yi kundin raya jiha na 2016 zuwa 2020. Duk waɗannan suna nan, wasunsu ma an rubuta su da kyau.

Ga yadda abin ke lalacewa. Tsakiyar shekara mukan aika wa kowace ma'aikata takardar kira, mu gaya mata iyakar kuɗin da ba za ta wuce ba. Jami'in da aka ɗora wa aikin yana da mako biyu ko uku. Ba kundin dabaru zai ɗauko ba, fayil ɗin bara zai buɗe, ya ƙara nan ya rage can har jimilla ta zo daidai da iyakar. Ranar kare kasafi babban sakatare ya zo da daraktocinsa, mu zauna teburi guda. Tambayoyin da ake yi su ne: me ya sa kuɗin man janareta ya ƙaru? Motoci nawa kuka saya bara da kuke neman wasu? Da wuya ka ji an ce, bara kun ce za ku rage yawan yaran da ke barin makaranta, ina aka kwana? Kundin tsari na kan kanta, kasafi na kan teburi, ba su taɓa gaisawa ba.

Ɗan Ƙididdiga:
Baba Darakta, ai an samu canji. SFTAS, shirin Bankin Duniya na ƙarfafa wa jihohi gwiwar tsaftace harkar kuɗinsu, ya fara a 2018 da dala miliyan 750, aka ƙara wasu miliyan 750 a 2020. Shi kansa kuɗi ne a kan sakamako: jiha ta wallafa kasafinta a intanet kafin ƙarshen Janairu, ta fitar da rahoton aiwatarwa duk wata uku, ta haɗa kuɗinta a asusun bai-ɗaya, ta tantance ma'aikata da BVN, sai a biya ta. Ofishin babban mai binciken kuɗi na tarayya ne ya riƙa tabbatarwa. Jihohin da da ko kwafin kasafinsu ba ka isa ka gani ba, yau ina sauke rahotonsu a wayata.

Tsohon Darakta:
Gaskiya ne ɗana, kuma ban raina shi ba. Amma ka lura da abin da ya sa ya yi aiki. Kuɗin suna hannun wani, ba hannun gwamna ba. Sharaɗin a fili yake: ka wallafa ko ba ka wallafa ba. Mai tantancewa ba yaron gwamna ba ne. Ukun nan ne suka ɗauke shi. A cikin gida kuwa mai ba da kuɗin, da mai kashewa, da mai cewa an yi nasara, duk mutum ɗaya ke naɗa su.

Sannan SFTAS bai auna ko yaro ya iya karatu ba. Ya auna tsaftar lissafi. Wannan shi ne tushe, ba ginin ba.

Mai Shakka:
Ni fa ina ganin duk wannan ɓata lokaci ne. Matsalarmu sata ce. Ka kawo tsari daga sama ma, ɓarawo zai samu ƙofa.

Abban Sadiq:
Malam, sata tana nan ba musu. Amma idan an rubuta "za a gyara asibitoci" kawai, ta ina za ka kama ɓarawon? Idan aka rubuta cibiyoyi kaza, a ƙananan hukumomi kaza, kowace da ungozoma mai kwana, ai ko ni zan iya hawa babur in je in duba.

Tsohon Darakta:
Bari in taɓo wurin da ciwon yake, don ko sata ba ta kai shi ɓarna ba a ganina. Sakin kuɗi.

Kasafi izini ne na kashewa, ba kuɗi ba ne a hannu. Sashe na 121 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamna ya gabatar wa majalisar dokoki ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa. Ƙiyasin kuɗin shigar nan shi ake kumburawa. Kowa na son aikinsa ya shiga littafi, kwamishina na so, ɗan majalisa na so, jam'iyya na so. Maimakon a ce wa wani a'a, sai a ƙara hasashen harajin cikin gida, a rubuta rancen da ba a kammala magana a kansa ba, a rubuta tallafin ƙasashen waje da ba tabbas. Lissafi ya daidaita a takarda. Shekara ta kama, kuɗin ba su zo ba. Albashi dole ne, biyan bashi ana cire wani tun daga Abuja kafin kason jiha ya iso. Abin da ya rage shi manyan ayyuka za su raba, kuma ba littafin kasafi ke rabawa ba. Kowace ma'aikata sai ta rubuta takardar neman amincewar mai girma gwamna, bayan amincewar kuma ta bi layi a ofishin akanta janar. Wanda ke da fada a gidan gwamnati ya samu a Maris. Wanda ba shi da ita ya samu a Nuwamba, ko kada ya samu.

Na ga wannan da idona. Wata hukumar noma a jihar da na yi aiki ta rubuta tsari mai kyau na raba iri da taki kafin damina. An amince tun da wuri. Daraktanta ya yi ta sintiri da fayil a hammata, kullum a ce masa a dawo mako mai zuwa. Kuɗin suka fito bayan an yi girbi. Da ƙarshen shekara aka rubuta cewa hukumar ba ta cimma burinta ba. Mutumin nan ya zauna a ofishina ya kasa magana don takaici. To ku gaya mini, da wace fuska za ka auna shi da sakamako?

Maman Walida:
Innalillahi. Wato Baba, kasafi biyu ne ke nan: wanda ake karanta mana a rediyo, da wanda ake yi a ofis.

Tsohon Darakta:
Haka ne 'yata. Shi ya sa nake cewa jihar da ke son wannan tsari ta fara da ƙaramin kasafi na gaskiya. Ta rubuta abin da ta san zai shigo, ta gaya wa kowace ma'aikata abin da za ta samu duk wata uku, ta cika. Daga nan ne take da bakin tambayar sakamako.

Sista Jummai:
Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ina so in ce tsarin nan ba labari ba ne, an gwada shi a ƙasar nan. Shirin NSHIP, na inganta cibiyoyin lafiya ta hanyar biya a kan aikin da aka yi, ya yi aiki a Adamawa, Nasarawa da Ondo. A lokacin, cibiyar lafiya tana da asusunta na banki. Ana biyan ta gwargwadon aikin da ta yi: haihuwa nawa aka karɓa a cibiyar, yara nawa suka kammala rigakafi, mata nawa suka zo awo. Akwai kuma maki na inganci, tsafta, magani a shago, rajista a cike. Wani kaso na kuɗin ya zama alawus ɗin ma'aikata, sauran a gyara wuri a sayi magani.

Abin da ya fi burge ni tantancewar ce. Masu dubawa su zo su buɗe rajista, su ƙirga da hannu. Sannan a ɗebi wasu sunaye a bi su har gida: Hajiya, gaskiya ne a cibiyar kika haihu? An karɓi kuɗi a hannunki? Idan aka samu sunan ƙarya, cibiyar ce za ta yi asara. Shugabar cibiya da ke da kuɗi a asusu ba ta jiran wata shida kafin a canza mata ƙwan fitila a ɗakin haihuwa. Wannan 'yancin kashewa shi ne rabin maganin.

Ɗan Ƙididdiga:
Anti, amma tantancewar tana da tsada. Kuma da aka kwatanta da cibiyoyin da aka ba su kuɗi kai tsaye ba tare da sharaɗin aiki ba, su ma sun inganta sosai.

Sista Jummai:
Ban musa ba ƙanina. Hakan ma ya ƙarfafa maganar Baba Darakta ne: kuɗi su iso a kan lokaci, su iso hannun mai aikin. Shi ya sa nake fatan jihohi su riƙe asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa da gaske, don shi ma kai tsaye yake zuwa cibiya.

Malam Na Aji Shida:
Ku yi haƙuri, ni tsoro nake ji, kuma ina da dalili. Shekaruna da yawa a aji. Duk ranar da aka ce kuɗin makaranta ya danganta da yawan ɗalibai, rajista za ta cika da yaran da ba a haifa ba. Ranar da aka ce ya danganta da cin jarrabawa, malami ne zai rubuta amsa a allo, kuma yaron da ake ganin zai faɗi ba za a yi masa rajistar jarrabawar ba ma. Ba mu kaɗai ba ne. A Ingila da aka sa wa asibitoci ƙa'idar sallamar mai neman agajin gaggawa, ko kwantar da shi, ko tura shi wani asibiti cikin awa huɗu, an samu wuraren da ake barin majinyata a motar asibiti a waje don kada agogo ya fara ƙirga. Mutum yana bin abin da ake aunawa ne, ya saki abin da ba a aunawa.

Sannan wa zai fi shan wahala? Makarantar ƙauye da malami ɗaya ke riƙe aji uku. Sakamakonta ba zai yi kyau ba, sai a rage mata kuɗi, ta ƙara lalacewa. Ta birni ta ƙara samu. Wannan adalci ne?

Abban Sadiq:
Malam, wannan ta shige ni. To Baba Darakta, idan ma'aikata ta gaza, rage mata za a yi ko ƙara mata?

Tsohon Darakta:
Nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Ba injin lissafi ba ne da za ka zuba maki kuɗi su fito. Idan mace-macen yara ya ƙaru ba za ka rufe ma'aikatar lafiya ba. Ko Amurka da ta yi dokarta ta auna ayyukan gwamnati tun 1993, majalisa ce ke yanke kasafi, alƙaluman sakamako suna taimaka wa shawara ne. Amfanin ma'auni shi ne ya tilasta tambaya. An sake muku kuɗin? Idan a'a, laifin baitulmali ne. An sake, kun yi aikin amma bai haifar da komai ba? To dabarar ce ba daidai ba, a canza ta. An sake, ba ku yi ba? A canza shugaban, a kira mai bincike. Hukuncin ya hau kan mai riƙe da kujera, ba kan yaron ƙauye ba.

Game da maguɗi kuwa, Malam ya yi gaskiya. Maganinsa kada wanda ake aunawa ya zama shi ke kawo alƙaluman. Hukumar ƙididdiga ta jiha ta je makarantu ba sanarwa, ta zaɓi yara ta ba su shafi guda su karanta. A auna ci gaban kowace makaranta da inda ta taso, ba da makarantar birni ba. Kuma ma'aunan su zama kaɗan. Na ga kundin da ma'aikata ɗaya ta jera ma'aunai shafi-shafi, ba wanda ya taɓa cike ko rabinsu. Uku ko huɗu da gwamna zai iya haddacewa sun fi.

Malam Na Aji Shida:
Idan haka ne da sauƙi. Amma a sa "malami yana aji" cikin ma'aunan. Gina azuzuwa ake so don ana yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Akwai makarantar da na sani, an yi mata sabon gini mai kyau da fenti, har yau ba a turo malamin lissafi ba. A rahoto an cimma buri ɗari bisa ɗari.

Ɗan Ƙididdiga:
Wata matsalar kuma alƙaluman kansu. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Idan ka ce kashi kaza na yaran jiha suna makaranta, kashi kaza na nawa? Hasashe ne a kan hasashe. Jihar da ba ta ba hukumar ƙididdigarta kuɗin zuwa ƙauye ba, ba ta shirya wa wannan tsari ba.

Mai Shakka:
To ai a 2016 ma an yi ta shelar kasafin da ake farawa daga sifili, kowane aiki sai ya kare kansa. Ina ya tsaya?

Tsohon Darakta:
An yi, tarayya ta ce ta yi shi a kasafin 2016, Kaduna ma ta ɗauka. Asalinsa a gwamnati Jimmy Carter ne ya shahara da shi lokacin yana gwamnan jihar Jojiya, ya kai shi tarayya da ya zama shugaban ƙasa, wanda ya gaje shi ya ajiye. Aikin takardarsa ya yi yawa, kuma babban kaso na kasafi albashi ne da fansho da bashi, waɗanda ba ka isa ka mayar da su sifili ba. Ni na fi yarda da a ɗauki ɓangare ɗaya ko biyu kowace shekara a tone su har ƙasa.

Magatakardan Kwamiti:
Ranku ya daɗe, kun bar majalisa a baya, kuma a can na yi aiki. Tsarin mulki ya ba mu makami ba ma amfani da shi. Sashe na 125 ya ce babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa wa majalisa rahotonsa cikin kwana 90 da karɓar bayanan akanta janar, kwamitin asusun gwamnati ya zauna a kai. A majalisu da yawa rahoton kan yi shekaru ba a buɗe ba. Kasafi kuwa a kawo shi a makare, a ce a gama kafin ƙarshen Disamba. Kwamiti ya ga ma'aikatu da dama a yini ɗaya. Ɗan majalisa abin da zai fara nema shi ne ko aikin mazaɓarsa ya shiga. Ban zarge shi gaba ɗaya ba, don da rijiyar burtsatse da taransifoma mutanensa za su auna shi, ba da kundin shekara biyar ba. Amma kowane aiki da aka cusa daga baya yana ture wanda aka tsara.

Abu ɗaya zan roƙa: a sa a doka cewa ba ma'aikatar da za ta kare kasafin baɗi sai ta ajiye shafi biyu a gaban kwamiti. Abin da ta yi alƙawari bara, abin da aka sake mata, abin da ta yi. A karanta a zaman da 'yan jarida ke ciki.

Maman Walida:
Wannan ita ce. Kuma a fitar da shi da Hausa. Yanzu ma ai kuɗin sun ƙaru tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kason jihohi ya hau. Uzurin babu kuɗi ya ragu.

Ɗan Ƙididdiga:
Ya hau a naira, Hajiya, amma hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024, ga sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kwangilar da aka ƙiyasta a Janairu ba ta gamuwa da kuɗinta a Satumba. Wannan ma dalili ne na daina murna da girman adadi.

Mai Shakka:
Har yanzu ina nan a kan bakana cewa gwamnan da bai ga dama ba, ba takardar da za ta ɗaure shi. Sabon gwamna ma yana zuwa zai jefar da kundin wanda ya gada. Amma maganar shafi biyun nan ta Magatakarda, ita kam zan so in ga an karanta ta a gaban kwamishina.

Abban Sadiq:
To mu fara da abin da ke hannunmu. Rahotannin wata uku-uku suna shafukan intanet na jihohi. Ɗan Ƙididdiga, ka sauke mana na ilimi da lafiya na jihohi uku ko huɗu, mu zauna a kansu a zauren nan ranar Asabar. Baba Darakta, ina za mu fara dubawa?

Tsohon Darakta:
Ku fara da shafin kuɗin shiga, ba na kashewa ba. Ku kwatanta abin da aka yi hasashe da abin da ya shigo zuwa ƙarshen Satumba, musamman layin rance da tallafi. Daga nan ku je manyan ayyuka, ma'aikata-ma'aikata. Ku dubi kashin da aka sake wa ma'aikatar ayyuka da gidan gwamnati, ku ajiye shi kusa da na hukumar ilimin bai-ɗaya da hukumar lafiya a matakin farko. A ilimi ku nemi layin kuɗin haɗin gwiwa na UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, don idan jiha ba ta ajiye nata rabin ba, na tarayya ba ya fitowa. Duk layin da kuka ga sifili a watan tara, ku rubuta sunansa da lambarsa, Magatakarda ya san kwamitin da za a kai wa.

Ɗan Ƙididdiga:
Na ɗauka, Baba. Zan turo su daren Juma'a in sha Allah. Sista Jummai da Malam, ku shirya, ku ne za ku gaya mana layin da ya iso cibiya da aji da wanda bai iso ba.